Fashin baƙi: Doguwar lambar IPv6 da ke cikin wayarka, adireshi ce ko ƙofa a buɗe?

Idan wayarka ko kyamarar shagonka ta samu adireshin da za a iya isa gare shi daga ko'ina a duniya, shin kowa zai iya leƙo ka ke nan? Kuma wannan IPv6 da ake ta ambata, 5G ce aka sauya wa suna ko wani abu ne dabam?

A zama ɗaya na ji tambayoyin nan biyu, a wani shagon gyaran waya da ke titin Emir Yahaya a nan Sakkwato. Wani dattijo ne ya miƙa wa yaron shagon wayarsa, yana nuna wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa a cikin saiti. "Kai yaro, duba man wanga abu. Mi ya sa lambobi sunka yi yawa haka? Ko an shiga wayata ne?" Yaron ya leƙa, ya ce, "Baba, ba komi, 5G ce." Dattijon ya tafi da kwanciyar hankali, amma dukansu biyu ba su dace ba. Ba a shiga wayar ba, kuma lambar ba ta da haɗi da 5G: adireshin IPv6 ce, wato sabon tsarin ba na'urori adireshi a intanet. Da fe80 ta fara, wanda ke nufin ko ƙofar shagon ba ta iya fita.

## Me ya sa tsohon adireshi ya ƙare?

Duk abin da ke bin intanet, hoton WhatsApp ne ko kuɗin da aka cire a POS, yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, a rubuta wa kowane yanki inda ya fito da inda za shi. Wanda ya taɓa ganin ana lodin albasa zuwa Legas ya san abin: kowane buhu da alamar mai shi da ta dillalin da zai karɓa. Wannan alamar ita ce adireshin IP.

Tsohon tsarin, IPv4, an kafa shi a 1981. Tsawonsa bit 32 ne, bit kuwa shi ne ƙwayar lissafin kwamfuta, ko 0 ko 1. Jimillar adireshin da za a iya fitarwa daga nan 4,294,967,296 ne, wato biliyan 4.3. A wancan zamani jami'o'i da cibiyoyin bincike da sojojin Amurka ne ke kan layi, don haka aka yi rabo da hannu sake. Kamfanin Apple shi kaɗai ya samu adireshi sama da miliyan 16, haka ma kamfanin motoci na Ford. Babu wanda ya hango ranar da mai sayar da fura zai riƙe wayar da ke buƙatar adireshi.

Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai riƙe da babban rumbun, ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Daga nan rumbunan yankuna suka bi sahu: na Asiya ya shiga tsimi a cikin shekarar, na Arewacin Amurka ya ƙare a 2015, na Turai a 2019. Namu na Afirka, AFRINIC, mai hedikwata a Morishiyas, ya fara taƙaita rabo a 2017. Yau adireshin IPv4 haja ne da ake saye da sayarwa. Tun Fabrairun 2024 sashen hayar kwamfutoci na Amazon ke cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshi, kusan dala 44 ke nan a shekara.

## Zaure ɗaya, gida dubu

Dabarar da ta riƙe IPv4 har yau sunanta NAT, kuma duk Bahaushe ya san irinta. Babban gida ne mai ɗakuna da yawa da zaure guda. Na waje zauren kawai ya sani. Idan na ciki ya aika a sayo masa abu, yaron da ke zaure ya riƙe a ransa wane ne ya yi aiken, in an kawo ya kai masa. Amma baƙon da ya zo haka kawai da saƙo, ba wanda ya aike shi, yaron bai san ɗakin da zai nufa ba, sai ya sallame shi.

Lambobin nan da ke farawa da 192.168 ko 10 sunayen ɗakuna ne. Miliyoyin gidaje na amfani da su a lokaci ɗaya, ba kuma sa fita waje. Da abin ya ƙara matsewa, sai kamfanonin sadarwa suka gina wani zauren a gaban zauren: masu layi ɗaruruwa ko dubbai suna fita intanet da adireshi guda. Idan ka ga adireshin wayarka ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, a cikin irin wannan gidan haya kake.

Illar ba a ɓoye take ba, sai dai ba mu san sunanta ba. Wani da ba ka taɓa gani ba ya yi ta'adi a wani shafi, aka toshe adireshin, toshewar ta haɗa da kai. Ko shafi ya tsare ka da zaɓen hotunan fitilar hanya don ka tabbatar kai mutum ne. Mai shago a Babbar Kasuwa ya sa kyamara yana so ya riƙa kallo daga gidansa a Mabera, abu ya ƙi, domin babu hanyar da za a yi sallama daga waje a kai ga kyamarar. Dole hoton ya bi ta wata uwar kwamfuta ta masu ƙera kyamarar, sau da yawa a wata ƙasa, sannan ya dawo. Tafiyar da kabu-kabu zai yi cikin minti kaɗan ta zama zagayen duniya.

## Yadda ake karanta sabon adireshin

An fara fitar da ƙa'idar IPv6 a Disambar 1995, aka sabunta ta a 1998, aka tabbatar da ita cikakkiya a 2017. Manyan kamfanoni sun kunna ta dindindin ranar 6 ga Yuni 2012. (Mai tambayar ina na biyar ya shiga: an riga an ba wa wani gwaji lambar 5, shi ya sa aka tsallake.)

Tsawon sabon adireshin bit 128 ne. Kada a ce ai ninki huɗu ne kawai, domin kowane bit da aka ƙara ninka jimillar yake yi. Adadin ya kai kimanin 340 da sifili 36 a bayanta.

Ana rubuta shi gida takwas, kowane gida alama huɗu, da ɗigo biyu a tsakani. Alamomin daga 0 zuwa 9 ne, sannan a, b, c, d, e, f, waɗanda ke tsaye a madadin 10 zuwa 15. Haruffan da suka tsorata dattijo lambobi ne su ma. Ga misali, daga cikin rukunin da aka keɓe don koyarwa, wanda ba na kowa ba ne:

2001:0db8:04a7:0012:0000:0000:0000:0025

Ana zubar da sifilin da ke farkon kowane gida, kuma gidajen da ke jere duk sifili ana iya naɗe su a alamar ::, amma sau ɗaya tak a cikin adireshi. Sai ya koma 2001:db8:4a7:12::25. Wanda ke sa adireshin DNS na Google da hannu (DNS shi ne kundin da ke mayar da sunan shafi adireshin IP) ya san 8.8.8.8, to ɗan'uwansa a sabon tsari shi ne 2001:4860:4860::8888. Injiniyoyin Facebook ma har wasa suka yi da haruffan, suka cusa face:b00c a cikin adireshinsu.

## Wanne ne na duniya?

A nan mutane suka fi rikicewa, domin na'ura ɗaya kan riƙe adireshin IPv6 biyu, uku ko fiye a lokaci guda, kuma hakan daidai ne. Farkon adireshin ke faɗa maka irinsa.

Wanda ya fara da fe80 na cikin ɗaki ne. Kowace na'urar da ta kunna IPv6 tana ƙirƙirar shi da kanta, ko da kamfaninka bai san da zaman IPv6 ba. Da shi take magana da rauta, wato na'urar da ke raba intanet tana tura saƙo gaba, da maƙwabtan da ke kan layi ɗaya, kuma babu rautar da za ta tura shi gaba. Wanda ya fara da fd na cikin ma'aikata ne, ana amfani da shi tsakanin ofis da ofis, ba ya hawa babban titi. Wanda ya fara da ff na kiran rukuni ne, kamar mai shela.

Na duniya shi ne wanda ya fara da 2 ko 3, kuma kusan duk wanda za ka gani a aikace da 2 yake farawa. A rubuce ana cewa 2000::/3, ma'ana bit uku na farko ne ke tantance shi. Kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na dukkan filin, sauran mafi yawa an ajiye ba a taɓa ba. Sharuɗɗansa biyu: babu wata na'ura a duniya da aka ba irinsa, kuma rautocin duniya sun san hanyar da za a bi a kai gare shi.

## Goshi da wutsiya

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, adireshin duniya rabi biyu ne masu iko dabam-dabam. Bit 64 na farko, mu kira shi goshi, na hanya ne, daga sama ake ba da shi. Bit 64 na ƙarshe, wutsiya, na na'ura ne.

Goshi yana saukowa hawa-hawa, kamar yadda umarni kan taso daga fada ya bi ta uban ƙasa da hakimi har ya iso mai unguwa. IANA ta yanka wa rumbunan yankuna biyar manyan filaye. Na Afirka ya fara da 2c0, shi ya sa adireshin kamfanonin nahiyar da yawa ke farawa da 2c0f. Na Turai da Gabas ta Tsakiya za ka ga 2a0, na Arewacin Amurka 260, na Asiya 240, na Latin Amurka 280. Sai AFRINIC ta ba kamfanin sadarwa nasa, yawanci abin da ake kira /32, wato gida biyu na farko sun zama tambarinsa. A misalinmu na sama, 2001:db8 ne kamfanin.

Gida na uku, 4a7, kamfanin ne ke ba wa mai hulɗa da shi. Wanda ya samu gida uku na farko ya samu /48, kuma kamfani mai /32 yana da irinsu 65,536 da zai raba. Gida na huɗu, 12, na mai gida ne, ya kasa yadda ya so. Jami'a kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo, in tana riƙe da /48, za ta iya ware reshe 65,536: wannan na ɗakin karatu, wannan na ɗakunan kwanan ɗalibai, wannan na sashen kuɗi. Gidajen zama sukan samu /56, reshe 256 ke nan. Wayar hannu kan samu reshe guda, /64. Kada ka raina shi, a cikin reshe ɗayan nan akwai adireshi 18,446,744,073,709,551,616, wanda ya ninka dukkan IPv4 sau biliyan huɗu da ɗoriya.

Wani zai ce wannan almubazzaranci ne, ai irinsa ya cinye na farko. Ni ma na taɓa tunanin haka. Amma yalwar da gangan aka yi ta, don hanya ta yi sauƙi. Direban da ya ɗauko kaya daga Legas ba ruwansa da Gidan Igwai ko Runjin Sambo, Sakkwato kawai ya sani. Sai an sauke a tasha mai kabu-kabu ya karɓa, shi ya san lungu. Haka rautocin manyan kamfanoni suke. Kowane kamfani yana shelanta wa maƙwabtansa, ta wata ƙa'ida mai suna BGP, cewa duk abin da ya fara da kaza a kawo masa. Maƙwabta su faɗa wa nasu maƙwabtan, har labari ya game duniya. Rautar da ke Faransa ba ta san wayarka ba, layi ɗaya ta rubuta a kundinta a madadin kamfaninka gaba ɗaya. Don kada kundin ya kumbura, a al'ada ba a karɓar shelar filin da ya gaza /48.

Saboda haka adireshi ba ya zama na duniya don kawai ya fara da 2. In babu kamfanin da ya shelanta goshinsa, fili ne da takarda amma babu hanya. Kuma idan kamfanoni biyu na gida suna haɗuwa a cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, saƙon da ke tsakaninsu ba sai ya je Landan ya dawo ba.

## Wayar ce ke raɗa wa kanta suna

Wutsiya kuwa ba wanda ke raba ta a yawancin lokuta. Rauta tana yin shela lokaci-lokaci: ga goshin gidan nan. Waya ta ji, ta zaɓi wutsiya, ta haɗa, sannan ta tambayi 'yan ɗaki ko akwai mai wannan suna. In ta ji shiru, ya zama nata.

A farkon zamani ana gina wutsiyar daga lambar da masana'anta ta buga wa katin sadarwar na'urar, a tsaga ta biyu a cusa fffe a tsakiya. Wannan ya zama matsala ta gaske. Ka tashi daga Arkilla ka tafi Illela, goshi ya canza amma wutsiya tana nan, duk shafin da ka shiga zai gane na'urar ce dai. Shi ya sa aka fito da wutsiyar wucin gadi, wadda ake zaɓa da ka, a riƙa sauya ta kusan kullum. Wayoyi da kwamfutocin yanzu haka suke yi ba sai ka saita ba. Tsofaffin kyamarori da na'urori masu arha ne har yanzu wasu ke bin tsohon salo.

## To, ƙofar a buɗe take?

Masu tsoro suna da hujja. Shekaru muna zaune bayan zauren NAT, wanda ke korar baƙi ba don an ɗauke shi gadi ba, sai don bai san ɗakin da zai kai su ba. In an cire shi, kyamarar da har yanzu kalmar sirrinta ita ce wadda ta zo da ita daga kwali tana cikin hatsari.

Amma sanin gidan mutum dabam, izinin shiga dabam. Kowa a unguwa ya san gidan Alhaji, duk da haka an rubuta "ba a shiga" a bakin zaure, kuma akwai mai tsare rubutun. A intanet mai tsaron shi ne katangar tsaro da ke cikin rauta: amsar abin da na ciki ya nema ta wuce, wanda ya zo ba gayyata a mayar da shi. Rautocin gida na kirki haka suke zuwa a saite. Bambancin shi ne yanzu kai ke da zaɓi, kana iya buɗe wa kyamara ɗaya ƙofa ɗaya, abin da gidan hayar kamfani ba zai taɓa ba ka ba. Inda bango ke tsagewa shi ne ma'aikatar da ta tsare IPv4 da kyau ta manta cewa IPv6 ma a kunne yake.

Akwai masu cewa yawan adireshin ma kariya ne. Da gaskiyarsu, rabi. Mai laluben adireshi miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa zai shafe sama da shekara dubu 500 kafin ya gama reshe guda. Sai dai ɓarawo ba ya lalube haka. Yana gwada masu sauƙin zato irin su ::1 da ::2, yana kuma tsintar adireshi a inda na'urori suka bar sawu.

Batun bin sawu kuwa, a jihar Sakkwato, inda aka taɓa katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 a 2021 saboda 'yan bindiga, ba magana ce ta fatar baki ba. Gaskiyar ita ce wutsiya na ɓoye na'ura, goshi ba ya ɓoye layi. Kamfani ya san wa ya ba wane goshi a wane lokaci, layin kuma an haɗa shi da lambar NIN. Ga mai bincike da izinin hukuma, wannan ya fi sauƙi a kan tsefe mutum ɗaya daga cikin dubu masu adireshi guda. Ga mai shafin intanet kuwa, adireshi ba ya nuna unguwa balle gida. Kana zaune a Gawon Nama shafi ya ce kana Legas ko Abuja, domin can kamfanin ya fitar da kai. Kuma IPv6 ba ya rufe abin da ke cikin saƙo, wannan aikin manhaja ne da shafin da ka shiga.

## Me ya sa muke baya?

Ma'aunin Google ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 na masu shigarsa a duniya ta IPv6 suke zuwa. A Indiya da Faransa da Jamus su ne mafi rinjaye. Indiya ta yi tsalle ne bayan kamfanin Jio ya fara aiki a 2016 da sabon tsarin tun daga tushe. Najeriya na can ƙasa sosai.

Dalilin ba ya wuce lissafi. Tsarin biyu ba sa jin yaren juna kai tsaye, don haka kamfani ko dai ya tafiyar da su tare, ko ya sa tafinta a tsakani. Kowanne na son kayan aiki da horar da ma'aikata, kuma ba wanda zai ƙara ko naira a kuɗin data don an ba shi IPv6. Ga shi rumbun Afirka ya fi na kowa jinkirin ƙarewa, ga kuɗin da aka riga aka zuba a manyan zaurukan NAT. Masu wannan ra'ayi cewa suke da tsohuwar zuma ake magani. A ganina lissafin ɗan lokaci ne: masu layi na ƙaruwa, zauren na son faɗaɗawa kullum, alhali manyan wuraren da datarmu ke ƙarewa, YouTube da Facebook, sun daɗe a kan IPv6.

Sauri fa? Kada a ruɗe ka. Wani lokaci akan samu ɗan sauƙi don an tsallake cunkoson zaure, amma IPv6 ba ya ƙara ƙarfin sabis, ba ya rage kuɗin data. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, babu irin adireshin da ya hana intanet tsayawa.

## Abin da mai shago zai tambaya

Mai waya kawai ba shi da aikin yi. A Android, cikin saitin APN, wato saitin datar layinka, akwai wurin zaɓar IPv4/IPv6. In kamfaninka na bayarwa za ka ga adireshi mai farawa da 2, in ba ya bayarwa ba abin da zai lalace. Masu Starlink, intanet na tauraron ɗan adam wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna samun /56 ta IPv6 yayin da IPv4 ɗinsu na haya ne, sai dai kowa ya duba yadda rautarsa ke yi da baƙin da ba a gayyata ba.

Mai kyamara, mai makaranta, mai asibiti ko otal da zai ja intanet, shi ke da tambayoyi. Wane girman goshi za a ba ni, /64 guda ko /56? Da /64 guda ba za ka iya raba layin baƙi da na ofis yadda ya kamata ba. Goshin tsayayye ne ko yana canzawa duk sanda aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi? In yana canzawa, sai an haɗa da sunan DNS mai bin sa, in ba haka ba adireshin kyamarar da ka adana jiya ba zai yi aiki yau ba. Kuma layin wayar da za ka riƙa kallo da shi daga gida, shi ma yana da IPv6? Idan kyamarar na da adireshin duniya amma wayar da ke hannunka a Mabera IPv4 kaɗai take ji, hoton zai ci gaba da bin tsohuwar hanyarsa ta ƙasar waje.